Ranar da Firinta Ta Warke

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Sau uku ina sayen littafi domin in rubuta, sau biyu ina ba 'ya'yan maƙwabta su yi zane a ciki. Ni ba mai magana ba ce, kuma karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shekarar da Baba ya rasu Umma ta kwanta ciwo. Kafin ta warke na yi tsawo, sai na ji kunyar komawa in zauna cikin ƙannen ƙannena. Hausa ina rubuta ta a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Turanci kuwa sai dai in gane kalma yadda ake gane fuskar mutum a hanya ba a san sunansa ba. Amma abin ya tokare mini ƙirji, ba ya hawa ba ya sauka, shi ya sa na ɗauki biro.

Yayana yana da shagon buga takardu a bakin titi, jikin shagon wani tela. Ɗaki ɗaya ne. Akwai kanta, akwai benci na masu jira, da kwamfuta ɗaya, da firinta, da fanka mai girgiza kai kamar ba ta yarda da abin da ake faɗa ba. Mutane suna zuwa a cike musu fom a intanet, a buga musu takardar jarrabawa ko ta neman aiki ko ta ganin likita. Ni da farko aikina shara ne da jera takardu da danna musu ƙusa.

Rediyo yake kirana. Sai in yini ban yi magana biyar ba, shi kuwa ya juyo ya ce, "Rediyo, don Allah rage murya, kin cika mana kunne." Har tela ya ɗauka, har Umma.

Wata rana ya ce yana so ya riƙa barina a shagon idan ya fita sayen takarda da tawada. Na ce masa ba zan iya ba, rubutun kwamfutar duk Turanci ne. Bayan kwana biyu ya kira ni bayan kanta ya nuna mini wani ɗan hoton kunne a saman burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Ya ce sunan abin ekstenshan. Na ce mene ne kuma haka. Ya ce, "Kin ga in tela ya gama riga, mai ita ya dawo ya ce a ƙara masa aljihu? To, aljihu ne na ƙara wa burauza, kuma ni zan shiga ciki."

Abin yana ɗaukar murya ya liƙa ta a jikin maɓalli. Idan ka ɗora kibiyar linzamin kwamfuta a kan maɓallin, sai muryar ta yi magana. Rana uku, da azahar lokacin da ba kowa, Yaya ya riƙa sakaya ƙofa yana ɗaukar muryarsa. Guda ashirin da uku ya ɗauka. Kwamfutar ba ta da lasifika, sai ya saya mini iyafis mai doguwar waya. Ina sa ɗaya a kunne ƙarƙashin ɗankwali, wayar ta bi cikin mayafina ta sauka bayan kanta. Wanda ke tsaye a gaba ba abin da zai gani.

"Wannan shi ne saukewa. Danna sau ɗaya, Rediyo, ba daka ake yi ba."

"Nan za ki sa lambar mutum. Ki tambaye shi sau biyu, ba zai cinye ki ba."

"Kar ki taɓa wannan. Na ce kar ki taɓa. Ai ina ganin hannunki."

Akwai wanda ya yi atishawa a tsakiya ya ce afuwan, bai goge ba. Akwai wanda ake jin keken tela a bayansa. Na maɓallin bugawa shi na fi ji, don shi na fi dannawa. Shi wannan sai ka danna yake magana, sai ya gama sannan tagar bugawa ta buɗe. Cewa yake, "Tsaya tukuna. Kin duba takarda? To, bismillah."

Shekara ɗaya da rabi muna haka. Ranar wata Talata Yaya ya hau babur ya tafi sayen takarda, mota ta kwashe shi a mararraba. Ba a kai asibiti da shi da rai ba. Wayarsa ma a farfashe aka kawo mana ita cikin leda. Shi ba mai aika saƙon murya ba ne, kira yake yi, ni da Umma kuma ƙananan wayoyi ne da mu. Muna da hotunansa da yawa, amma muryarsa a duniyar nan ba ta rage ko'ina ba sai cikin ɗan aljihun nan.

Kawu, ƙanin Umma, ya daɗe yana aikin tsaron sito a wani gari mai nisa. Bayan rasuwar ya tattaro ya dawo ya riƙe shagon. Bai iya kwamfuta ba, shi dai karɓar mutane da faɗa da mai kawo takarda. Yakan nuna ni ga masu jira ya ce, "Ku bar ganin ta shiru, Turancin da ke kanta ya fi na shugaban makaranta." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, Yaya yana gaya mini inda zan danna. A satinsa na biyu wani ɗan'uwanmu ya zo nema wa ɗansa aiki a shagon, na ji Kawu ya ce masa, "Shagon takarda ba wurin wanda bai yi karatu ba ne." Maganar ta shiga kunnena ta zauna. Na ce a raina, duk ranar da ya gane, sai dai in koma gida, kuma in na koma gida na rabu da kujerar nan da abin da ke cikinta.

Ga laifina na farko. Wata shida bayan rasuwar, Umma tana ninke kaya a ɗaki, sai ta tsaya da rigarsa a hannu ta ce, "Fuskar tana nan a hoto. Muryar ce ta fara ɓace mini. Jiya na yi na yi in tuna yadda yake sallama, abin ya ƙi." Maganar ta zo mini har baki. Na haɗiye ta. Na ce in na kai ta shago Kawu zai tambayi dalili, bari sai ranar da ya yi tafiya. Kawu bai yi tafiya ba. Kuma in zan faɗi gaskiya, akwai wani ɓangare na zuciyata da yake son Yaya ya zama nawa ni kaɗai. Kowa ya binne shi, ni ce kullum da safe yake ce wa bismillah. Ko dabarar in kanga wata waya a jikin iyafis ɗin in ɗauka ban yi ba. Abin da kake ji kullum ba ka tunanin zai ƙare.

A wata na tara, ranar Litinin, na kunna kwamfuta na ga burauza ta sake kama. Launinta ya canza, wasu maɓallan sun matsa gefe. Ɗan hoton kunnen yana nan, sai dai da wani jan ɗigo a jikinsa. Wata mata ta kawo lambarta, na buɗe takardarta, na danna bugawa.

"Tsaya tukuna. Kin duba takarda? To, bismillah."

Na jira taga ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Na sake dannawa, ya sake tambayata ko na duba takarda. Na danna ya fi sau goma, matar tana kallona, shi kuma yana ta bismillah babu abin da ya biyo baya. Ranar ce kaɗai na taɓa jin haushin muryar, kuma har yau ina jin ciwon haka.

Kawu ya taso. Ya kashe firinta ya kunna. Ya zare takardu ya hura su ya mayar. Ya daka mata duka a gefe, don a ganinsa duk wata na'ura ɗan mari take jira. Washegari ya sayo sabon kebul. Ranar Laraba ya sa sabuwar tawada alhali tsohuwar ba ta ƙare ba. Mutane suna zuwa suna juyawa.

Ni kuwa na lura da wani abu tun ranar farko. Idan wasiƙa ce aka rubuta a manhajar rubutu, firinta tana bugawa lafiya lau. Abin da ya fito daga burauza ne kawai yake ƙi. Kuma a burauza, tsakanin yatsana da firinta ba kowa sai Yaya. Ban san sunan matsalar ba, amma na san inda take kwana. Na yi shiru. Kullum in ce wataƙila gobe ta warware da kanta.

Ranar Alhamis tela ya shigo da 'yarsa. Tana da jarrabawar shiga jami'a washegari da safe, kuma ba a shiga sai da takardar da ake bugowa daga intanet. Kawu ya ce masa ya yi haƙuri ya gwada wani shagon. Tela ya zauna a benci ya harɗe ƙafa.

"Tun marigayi na da rai ban taɓa kai takardata wani wuri ba. Ba yau zan fara ba. Kira mai gyara."

"Mai gyaran nan surutu ne da shi."

"To kai me ke gare ka? Kira shi."

Likita ake ce wa mai gyaran, don na'urori yake dubawa. Gajere ne mai furfura, ƙafar tabaraunsa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Ya iso wajen ƙarfe sha ɗaya da jakarsa. Kafin ya zagayo bayan kanta na zare wayar iyafis daga jikin kwamfuta na dunƙule ta a hannu, na koma jikin bango na tsaya.

"Ina majinyaciyar?" in ji shi.

Kawu ya ce, "Ga ta nan. Ta sha tawada ta ƙoshi, ta ce aiki ba da ita ba."

Likita ya leƙa gefen firinta. "Wa ya mare ta? Ga shatin yatsu biyar a cikin ƙura."

"Lallashi ne."

"Allah ya raba mu da lallashinka. Matsa mini."

Ya danna wani abu a jikin firinta, ta tofo takardar gwaji tsaf, layi-layi. Ya ɗaga ta ya nuna wa masu jira. "Kun gani? Lafiyarta ƙalau. An zalunci baiwar Allah." Ya duba kebul ya ce sabo ne, tsohon ma ba abin da ya same shi, Kawu ya kau da kai. Ya buɗe wurin da takardu ke layi kafin a buga su, ya ce ba kowa a layin, ma'ana saƙon bai ma iso ba, a hanya ake tare shi. Ya rubuta kalma biyu a manhajar rubutu, ta buga. Ya karɓi lambar 'yar tela ya buɗe takardarta a burauza ya danna. Shiru. Ni kaɗai na san abin da ake faɗa a cikin shirun nan.

"Yauwa," in ji Likita. "Ɓarawon a cikin gida yake."

Ya buɗe wata baƙar taga ta burauza, ya ce ita wannan ba ta shiga da tarkacen da aka liƙa, tsurarta take. Ya sake shigar da lambar yarinyar, ya danna. Taga ta buɗe nan take, firinta ta ja takarda, hoton yarinyar ya fito da lambar kujerarta. Tela ya miƙe yana tafi. 'Yarsa ta riƙe takardar da hannu biyu. Tela ya ce a buga uku, ɗaya a jaka, ɗaya a aljihu, ɗaya wurin uwarta.

Da a nan aka tsaya, da ban sayi littafi ba.

Likita ya ce, "Yanzu sai mu kama shi da hannu." Ekstenshan huɗu ne a burauzar. Ya riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Na farko ba shi ba ne. Na biyu ba shi ba ne. Ya zo kan ɗan kunnen, ya kashe, ya danna bugawa, taga ta buɗe. Ya kunna shi, ta ƙi. Ya sake kashewa, ta buɗe.

"Ga shi. Wannan tsoho ne, wanda ya ƙera shi ya daina kula da shi. Burauza ta sabunta kanta ta bar shi a baya. Yana tare saƙon bugawa ya riƙe, ya kasa miƙawa gaba. Kamar ɗan aike ne da ya tsufa, ya karɓi saƙo ya zauna a ƙofar gida."

Kawu ya ce, "Me yake yi, shi abin?"

"Na ɗaukar sauti ne, ko wani abu mai kama da haka. Na bar shi a kashe. In ana so a bar shi haka, ba zai dami kowa ba."

"A'a. Gobe wani ya taɓa ya kunnu mu koma gidan jiya? Tarkacen marigayi ne, Allah ya jiƙansa, ƙwaƙule-ƙwaƙule ne da shi. Cire shi gaba ɗaya."

Likita bai danna ba. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, ke ce mai kujerar nan. Kina amfani da shi?"

Kawu yana kallona. Tela yana kallona. 'Yarsa, wadda na girme ta da shekara uku, tana tsaye da takardar jami'a a hannu tana kallona. Akwai mutum biyu a benci. Abin da zan ce bai fi kalma uku ba. Amma in na ce ina amfani da shi, za a ce da me, in na faɗa za a ce don me, sai in tsaya gaban mutum shida in ce ban iya karanta abin da nake dannawa ba. Wayar iyafis ta jiƙe da gumi a tafina. Na sunkuyar da kai.

Kawu ya yi dariya. "Ai Rediyo ce. Shirunta shi ne amsarta. Cire."

Kwamfutar ma ta ba ni dama. Wani ɗan akwati ya fito, Likita ya karanta ya fassara da ƙarfi: "Tana tambaya, a cire shi da duk abin da ya ajiye?" Ya ɗan dakata, hannunsa a kan linzami. Ina jin fanka tana juyawa. Ina kallon yatsansa.

Ya danna.

Ba wata ƙara. Ɗan kunnen ya ɓace daga saman burauza, sauran ukun suka matso suka cike gurbin. Kawu ya ce alhamdulillahi, ya aika a kawo wa Likita shayi. Tela ya ce da ma ya faɗa, na'ura ba ta son duka. Aka yi ta raha.

Da suka watse na zauna a kujerata na mayar da wayar a raminta. Na ɗora kibiya a kan saukewa. Na ɗora a kan wurin lamba. Na kai ta kan maɓallin da ya ce kar in taɓa, na bar ta a can, ina jira a ce ana ganin hannuna. Mutanen da suka juya kwana uku suka fara dawowa. Na buga wa mutum goma sha ɗaya takardu kafin la'asar, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Ashe hannuna ya daɗe da haddace aikin. Ban san tun yaushe na daina buƙatar a gaya mini ba.

Da la'asar Kawu ya fita salla. Sai ga Likita ya dawo, ya manta sukundirebansa a kan kanta. Ya same ni da iyafis a hannu, fuskata a jiƙe. Ya dubi wayar, ya bi ta da ido har jikin kwamfuta. Ya cire tabaraunsa.

"'Yata, me ke cikin abin nan da na cire?"

Ban taɓa yi wa baƙo magana mai tsawo haka ba. Na faɗa masa duka, da aji huɗu, da aljihu, da ashirin da uku. Bai katse ni ba, shi da bakinsa ba ya hutawa. Da na gama ya ce in tashi, ya zauna. Ya buɗe wurare da yawa da ban taɓa gani ba. Ya duba kwandon shara na kwamfuta. Ya sa wata manhaja daga filashinsa ta yi ta bincike. Ya nemo ekstenshan ɗin ya sake saka shi, ɗan kunnen ya dawo. Ya miƙo mini iyafis. Na ɗora kibiya. Ba komai.

"Gidan ya dawo," in ji shi a hankali, "mutanen gidan ne ba su dawo ba. A cikinsa yake ajiye sautin. In an cire shi, da kayansa yake tafiya." Ya goge fuska da tafin hannu. "Da yatsa kawai kika ɗaga. Minti biyu ne in kwashe miki su a filashi, ki..." Ya ce, "A'a. Ni ne babba. Na ga yadda kika sunkuyar da kai, ya kamata in kore su waje in tambaye ki ke kaɗai. Ki yafe mini."

Ban san Kawu ya dawo ba sai da na ji motsin takalminsa. Yana tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Likita ya ɗauki sukundirebansa ya fita ba sallama.

Kawu ya zauna a benci, wurin masu jira. 

"Aji huɗu," ya ce. "Kina tsammani ban sani ba? Uwarki yayata ce. Shekarar da kika bar makaranta ni ta fara kira tana kuka."

Na ce, "Kawu, ka ce wa mutumin nan shagon takarda ba wurin..."

"Ɗansa hannu ne da shi! Ya kwashe wa mutum biyu kaya. In dubi ubansa in ce ɗanka ɓarawo ne? Abin da ya zo bakina na faɗa." Ya girgiza kai. "Marigayi da kansa ya ce mini a waya, Rediyo ta fi ni iya shagon nan. Ni kuma nake ta kuranta Turancinki gaban mutane don ki ji daɗi. Ashe ɗaure ki nake yi."

Fanka tana ta juyawa. Daga can keken tela ya tashi.

"Abin da ban sani ba," in ji Kawu, "wata tara ina zaune taku biyu da muryar yaron nan. Ni na yi masa kiran salla a kunne ranar da aka haife shi. Kuma da bakina na ce a cire." Ya tashi ya je ƙofa ya juya mini baya, ya tsaya yana kallon titi. Kafaɗunsa suna motsi. Can ya ce, bai juyo ba, "Uwarki ta taɓa ji?"

Na ce a'a.

"To. Wannan ba ni zan faɗa mata ba."

Muka rufe shago da wuri. A gida Umma ta tambaya ko an gyara firinta, na ce an gyara. Ta ce madalla, kwana uku kina dawowa kamar wadda aka yi wa duka. Na ci abinci kaɗan na shiga ɗaki.

Washegari da safe ban ɗauki mayafin fita ba. Na dafa shayi na kai wa Umma, tana zaune a tabarma bakin ƙofar ɗakinta. Na zauna a gabanta, ba a gefe ba kamar yadda na saba. Na ajiye iyafis ɗin a tsakaninmu. Na faɗa mata tun daga farko, har da ranar da ta riƙe rigarsa na haɗiye maganata. Ban ɗaga kai ba sai da na gama.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta ɗauki iyafis ɗin tana juya shi a hannu, shayin yana hucewa.

"Guda nawa kika ce?"

"Ashirin da uku."

"Kin riƙe su?"

"Har atishawar."

Ta gyara zama, ta ja mayafinta ta rufe ƙafafunta. "To, fara."

Na rufe ido. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a gidan nan ba. "Tsaya tukuna. Kin duba takarda? To, bismillah."

Umma ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Ba haka ba. Shi yana jan tukuna ɗin, tun yana yaro. Sake."

Na sake.